Makullin Motar Alhaji Zailani

An fitar da kayan Markus Sila daga ɗakin da ke bayan gidan marigayi Alhaji Zailani, a unguwar Lazaret ta birnin Yamai, ranar wata Asabar da hantsi, a ƙarshen daminar bara. Kayan ba su da yawa: gado, akwatunan ƙarfe, tukwane, kujerar roba, da keken ɗinkin matarsa Lois. Amalanken jaki ɗaya ya ishe su. Babu wanda ya kore shi. Mutanen gidan duka sun tsaya a kan wannan magana, har yau kuma suna kanta.

Markus mutumin Dogon Dutsi ne, ya doshi sittin. Fiye da shekara ashirin yana tuƙa Alhaji Zailani, wanda ke da babban shagon katako a kasuwar Katako. Ɗakin a cikin aikin yake: ranar da Alhaji ya miƙa masa makullin mota, a ranar ya miƙa masa na ɗaki. Ba a rubuta komai ba, don Alhaji yakan ce takarda ta waɗanda ba su yarda da juna ba ce. Makullin motar kuwa ɗaya ne. Ɗan'uwansa ya ɓace tuntuni, Alhaji ya ce ba sai an yanko wani ba, tunda Markus ba ya ɓata.

Alhaji ya rasu a farkon bazara. Da aka fito da shi ƙofar gida, kafin a yi masa salla, liman Malam Buba ya fuskanci jama'a kamar yadda aka saba.

"Ga Zailani zai koma ga Mahaliccinsa. Mai haƙƙi a kansa ya faɗa, ga ɗansa nan. Wanda ya iya yafewa ya yafe."

Markus Kirista ne, saboda haka yana can gefe, jingine da mota, hularsa a hannu. Huzaifa, babban ɗan marigayin, ya waiwaya ya hango shi.

"Liman, a ji ta bakin Baba Markus. Shi ya fi kowa daɗewa da shi."

Sahu duka suka juyo. Markus bai taɓa magana a gaban jama'a mai yawa haka ba. Ya gyara murya.

"Na yafe masa. Duk abin da ke tsakanina da shi na yafe, duniya da lahira."

Aka yi ta jinjina kai. Wani dattijo ya ce ka ji ɗan halak. A zaman makoki babu baƙon da ba a ba wa labarin ba. Ranar sadakar arba'in, Hajiya Zeinabou, matar marigayin, ta aiko masa da babbar rigar Alhaji ta shadda, shuɗiya, mai aiki har ciki. Ta yi masa tsawo. Lois ta ce ta rage masa, ya ce a bar ta yadda mai ita ya bar ta.

Da aka zo rabon gado, shago da kamiyo, motar ɗaukar kaya, suka faɗa hannun Huzaifa. Gida ya zama na Hajiya da ɗiyarta Iklima, wadda ke zaune a sashen gaba da ƴaƴanta. Farar motar Alhaji aka ajiye maganarta sai an yi mata kuɗi, kuma ba a yi ba. Masu rabon sun lissafa har da buhunan siminti da ke jibge a garaji. Ba su ambaci Markus ba. Shi ba dukiya ba ne, ba kuma magaji ba ne.

Aiki dai bai tsaya ba, ƙaruwa ma ya yi. Da sassafe ya kai ƴaƴan Iklima lakwal, wato makarantar boko. Da hantsi ya yi wa Hajiya cefane, tunda tana takaba ba ta fita. Da rana Huzaifa ya kira shi Katako ya kai baƙi masauki ko ya bi kamiyo ya nuna hanya. Da wata ya ƙare bai ji maganar albashi ba, ya ba shi kwanaki, sannan ya sami Huzaifa a shago.

"Alhaji Ƙarami, wata ya yi nisa."

Huzaifa ya tashi ya ba shi kujerarsa, ya aika a kawo masa ruwan sanyi.

"Baba, ni shago na gada, ban gaji mota ba. Ka ga direbobina can, na kamfani ne, kowa da takardarsa. Kai na gida ne. Ka sami Hajiya."

Hajiya ta amsa masa daga bayan labule.

"Malam Markus, ni da ke cikin takaba za ka kawo wa maganar duniya? Ni na taɓa sanin yadda kuke yi da Alhaji? Ai ƴaƴan Iklima kake kaiwa kullum."

Iklima ta dafe ƙirji.

"Baba, kai ka kai ni lakwal ina kuka, kana saya mini alewa. Yau in tsaya in ce ni ce uwarɗakinka? Wallahi kunya ba za ta bar ni ba."

Ta buɗe jaka ta damƙa masa na goro. Tun daga nan abin da ke shiga hannun Markus sunansa goro, kuma goro ba shi da rana.

Lois na kan kekenta ya dawo ya ba ta labari. Ba ta ɗaga ƙafa daga taka keken ba.

"Baban Tabita, ka zama jakin unguwa. Kowa ya ɗora, ba mai ba da dusa."

"Mutanen nan suna cikin rashi. A yi musu haƙuri."

"Mu kuma muna cikin samu, ko?"

A wata na uku Huzaifa ya sallami gardin gidan. Ya ce ɓarna ce a ajiye mai gadi alhali Baba na kwana a gida. Buɗe ƙofa ya dawo kan Markus, da ban ruwan fulawa, da wanke motar Huzaifa duk ranar da ya zo gaida mahaifiyarsa. Ba wanda ya ce masa yi. Sai dai a tsaya a ƙofa a yi ta danna odar mota har ya fito.

Zamanin Alhaji, safiyar Lahadi ta Markus ce. Ko baƙi aka yi daga Maraɗi, Alhaji yakan ce su jira, direba ya tafi majami'a. Bukukuwan ƙawayen Iklima kuwa ranar Lahadi suke faɗowa. Ranar da ya tuna mata, ta yi dariya.

"Haba Baba, ai Allah yana ko'ina. Ka yi addu'arka a mota, ni ba zan hana ka ba."

Isansi ma, man motar, ya zama marar uba. Wanda ya hau ya sauka, ya bar wa na gaba. Bayan Hajiya ta fita takaba, tana zagayen godiya gidajen waɗanda suka zo ta'aziyya, mota ta mutu da su a tsakiyar titi, rana tsaka. Markus ya tura ta gefe shi kaɗai, ya ɗauki galan ya tafi da ƙafa. Da ya dawo Hajiya ta ce zamanin Alhaji ba a taɓa yin haka ba, ta ga alama tsufa ya fara taɓa shi. Markus ya ce gaskiya ne, zamanin Alhaji ba a taɓa yi ba.

Huzaifa ne ya kawo abin da ya kira mafita. Ya ce ba ya son ya ga Baba yana zaune ba tsari. Kamfanin da ke ba shi direbobi zai ɗauke shi, ya riga ya yi magana. Markus ya sa rigar Alhaji ya tafi. Mai ɗaukar ma'aikata ya dube shi, ya dubi lasisinsa, ya ce a wurinsu kowa sabo ne, sai ya yi watannin gwaji, kuma shekarunsa sun wuce iyakar da suke ɗauka. Sai dai in zai kawo shaidar cewa daga wani aiki aka maido shi, da sa hannun wanda ya maido shi. Markus ya koma Katako.

"In rubuta ka yi mini aiki?" in ji Huzaifa. "Baba, so kake in yi ƙarya? Wanda ka yi wa aiki yana makabarta."

"To wanda nake yi yanzu fa?"

"Wannan taimakon gida ne. Ni ma ina yi." Ya sassauta murya. "Kuma maganar shekarun baya, kai da bakinka ka wanke Alhaji. Gaban liman, gaban jama'a. Duk abin da ke tsakaninku, ka ce. Ni na ji, kowa ya ji. Kar ka ɓata ladanka, Baba."

Markus ya juya hularsa a hannu. Ya faɗa ɗin kuwa.

Ya tari Malam Buba a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya tambaye shi ko abin da ya faɗa ranar jana'iza ya haɗa da masu rai. Liman ya ce a'a, yafiyar mamaci ce, don a sauƙaƙa masa kwanciya. Markus ya roƙe shi ya faɗa wa Huzaifa haka. Liman ya shafa gemu ya ce shi ba ya shiga tsakanin ɗa da uba.

Ana tsakiyar damina Iklima ta shigo ɗakinsu da magini. Bangon ɗakin na baya yana kallon titin kasuwar Lazaret, kuma ta daɗe tana son buɗe butik na turare da atamfa. Lois na ɗinki.

"Mama Lois, kar ki tashi. Awo kawai za a yi."

Magini ya ja igiyarsa ta saman gado, ya ce a ɗan ɗaga akwati, ya yi alama da gawayi a bango, daidai inda hoton Tabita yake, ɗiyarsu da ke aikin jinya a Maraɗi. Ya ce nan ƙofa za ta fito. Lois ta cire hoton da kanta.

Da yamma Hajiya ta kira Markus falo, ta sa aka kawo masa shayi.

"Ba korarka ake yi ba, kar shaiɗan ya raya maka. Ɗan gyara ne. Ai matarka na da dangi a Goudel. Ku ɗan matsa can, in an gama a gani."

"Lakwal ɗin yara fa, Hajiya? Goudel da nisa."

"Ba ga motocin haya na faba-faba nan ba? Ka yi sammako. Alhaji kullum yana cewa ba ka taɓa makara ba."

Haka aka yi. Ranar tashi Iklima ta kawo wa Lois turmin atamfa, ta rungume ta. Huzaifa ya biya mai amalanke, ya ce Baba bai kamata ya taɓa aljihunsa ba. Hajiya ta karɓi makullin ɗaki don magini. Amalanke bai bar layin ba aka fara jin guduma.

A Goudel ƙanen Lois, mai lambu a bakin kogi, ya kwashe taki da bututun ban ruwa daga ɗakin ajiyarsa ya ba su. Rufin na yoyo ta kusurwa ɗaya. Daga can Markus ke shiga motar haya tun duhun asuba bai gama washewa ba, ya canja wata, ya iso Lazaret ya kai yara lakwal. Kuɗin motar daga ɗinkin Lois yake fitowa.

Tabita ce ta matsa masa a waya har ya je ofishin da ke sasanta ma'aikata da iyayen gidansu. Ya yi ta jan ƙafa, yana cewa bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Jami'ar da ya samu, Madam Rahina, ta saurare shi har ya gama. Ta gaya masa cewa a doka, in aiki ya koma wani hannu, ko ta gado ko ta ciniki, ma'aikaci na bin aikin da shekarunsa a kansa. Sabon ubangida ko ya riƙe shi yadda ya same shi, ko ya sallame shi bisa ƙa'ida.

"Wa ya kore ka, Baba?"

"Ba a kore ni ba."

"Wa ke sa ka aiki?"

"Duka."

Ta rubuta sammaci uku. Shi ya kai su, tunda hanyarsa ce.

Ana gobe zama wayarsa ta yi ƙara. Hajiya ce.

"Malam Markus, ka zo da wuri. Za ka kai mu biron nan naku, ofishin sasancin. Motar Huzaifa na garajin gyara, mu kuma ba mu san wurin ba."

Lois ta ji komai. Ta ajiye almakashi.

"Za ka ɗauke su ka kai su su ce ba su san ka ba?"

"To in bar Hajiya ta shiga taksi da gwiwar nan tata?"

"Ka wanke motar sosai. Kar su ji kunya a gaban mutane."

Ya wanke ta. Ya buɗe wa Hajiya ƙofa, ya ajiye su a inuwa, ya bi bayansu ya shiga a matsayin mai ƙara.

Huzaifa ya fara magana. Ya ce wannan zama abin baƙin ciki ne, don Baba Markus uba ne a wurinsu. Ya ce tsakanin Baba da marigayi ne aka yi aiki, kuma Baba ya yafe komai a bainar jama'a, akwai shaidu sun fi ɗari. Hajiya ta ce ta ba shi rigar Alhaji da hannunta, rigar da ko ɗanta ba ta ba ba, ga ta nan a jikinsa. Iklima ta ce ɗaki gyara ake yi.

Madam Rahina ta ce, "Ya yafe wa mamaci, Allah ya ba shi lada. Ku ba ku mutu ba. Huzaifa, ranar da aka binne mahaifinka, wa ya maido ka gida daga makabarta?"

"Baba ne."

"Yau wa ya kawo ku?"

Iklima ta ce taimako ne.

"Makullin motar yana wurin wa?"

Markus ya laluba aljihun babbar riga ya ajiye shi a kan tebur.

"To," in ji Madam Rahina. "Wanda ke da ikon karɓar wannan daga hannunsa, shi ne ubangidansa. In ya karɓa ya riƙe, ya sallame shi ke nan, sai mu zauna mu yi maganar shekarunsa. In ya karɓa ya mayar masa, yana bakin aiki, da albashinsa da wurin kwanansa. Bismilla."

Huzaifa ya ce shi shago ya gada. Hajiya ta ce ita tumunin takaba kawai gare ta, mota kuwa ba a raba ba. Iklima ta ce ba za ta riga yayanta ba. Madam Rahina ta dubi kowannensu, ta ce tunda haka ne su je su raba motar, su dawo da sunan mai ita. Ta ɗage zama. Ta tura wa Markus makullin da bakin alƙalami.

Ya maido su gida. A hanya Hajiya ta ce a rage gudu. Ya sauka ya buɗe ƙofar gida, ya shigar da mota, ya ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro inda Alhaji ke son a ajiye ta. Sannan ya miƙa wa Huzaifa makullin da hannu biyu.

Huzaifa ya zuba hannuwansa a aljihu. "Riƙe abinka, Baba. Mu ba mu ce ka kawo ba."

Ya juya wurin Hajiya. Ta ce ba ta yi azahar ba, ta shige. Iklima ta riga ta kai ƙofar sashenta, waya a kunne.

Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran Markus, don kira umarni ne. Ƴaƴan Iklima na tafiya lakwal da taksi. Hajiya ta rage fita, ta ce gwiwa. An ɗauki sabon gardi daga kamfani, da takardarsa. Butik ya buɗe, an sa masa fitilu masu launi, ana ciniki. Wanda ya tambayi Baba Markus a gidan sai a ce yana nan, hutawa yake yi, ai ya yi ƙoƙari.

Duk ranar Asabar Markus na shigo faba-faba daga Goudel. Gardi ya buɗe masa, don ba a ce ya hana ba. Ya share ganyen da ya zuba a kan motar, ya tayar da ita ta ɗan yi aiki don kada batir ya mutu, ya kashe, ya kulle. Labulen falo ba ya motsi sai ya fita. Huzaifa na kawo wannan a matsayin hujja: ga shi nan ba wanda ya sa shi, kuma yana zuwa.

Lois ta daina yi masa magana a kai. Abin da ta ce na ƙarshe shi ne, ya duba tayar baya ta hagu, ta ga kamar tana sauka tun kafin su tashi.

Wani dillali ya zo ganin motar sau biyu, ya leƙa ta gilashi ya tafi, don ba mai buɗe masa. Magada ba su sa ranar rabonta ba, ofishin kuma yana jiran suna. Makullin yana cikin aljihun rigar Alhaji, rigar tana rataye a ƙusa, a ɗakin ajiyar taki a Goudel.